Ɗan Farin Adda Dudu

Kwat ɗin da na fara saya a Ingila ta mata ce, ni kuwa ban sani ba. Na sauka daga jirgin ƙasa a wani gari na arewacin ƙasar, sanyi yana shigo mini ta ƙafar wando, sai wani mai rumfar gwanjo kusa da tasha ya yafito ni. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga babbar riga da hula, ya san ya sami nama. Ya ciro wata doguwar kwat mai ruwan toka ya ɗora mini, ya ce kamar domina aka ɗinka ta. Na biya har da godiya. Na yi makonni ina yawo a cikinta ina taƙama, har ina yaba fara'ar Turawa, don duk wanda ya gan ni sai ya yi murmushi.

Tsohuwar da nake haya a gidanta ce ta kasa jurewa. Wata safiya ta tare ni a bakin ƙofa, ta nuna mini gefen da maɓallan suke, ta ce na maza ba a nan ake sa su ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta hau sama ta sauko da kwat ɗin marigayi mijinta, tana warin maganin asu, ta ce in sa, ajiyarta ba ta amfanar kowa. Tun daga ranar na fara kiranta Goggo. Da na gaya mata ma'anar sunan a wurinmu, sai da ta bi maƙwabta tana ba su labari.

Karatu ne ya kai ni, na gaba da digiri. A shekarun Jihar Arewa maso Gabas ne, bayan yaƙin basasa, ina aiki a ofishin jin daɗin jama'a na Jimeta, ɓangaren yara masu laifi. Aka tura ni kos na shekara guda in koyo yadda ake auna shirin hana yara aikata laifi, a gane ko yana aiki ko kuwa ɓata lokaci ne. Na tafi da ƙarfin gwiwa, don ina da shiri nawa na kaina da nake ji da shi.

A lokacin Jimeta tana cika tana batsewa. Da damina jiragen ruwa su hau kogi da kaya, motoci su cika tasha, yara kuma su taru a bakin kogi suna neman abin da zai faɗo. Wani ya huda buhun gyaɗa, wani ya zare famfon keke, wani ya sunkuci kifi. In an kama yaro, abu biyu ne a gaban alƙali, ko bulala, ko gidan horon yara mai nisa, inda yaro zai dawo ya fi da ƙwarewa. Sai na ce to me ya hana mu koma wa riƙo, abin da iyayenmu suka saba? Da yardar alƙali, yaron da aka kama karo na farko sai in kai shi wurin wani manomi a Ngurore ko Damare, ya shekara a can, ya ci a akushi ɗaya da 'ya'yan gida. Sharaɗin ɗaya ne, in ya gudu, sai gidan horo.

Cikin yaran da na kai har da Sali, ɗan farin yayata Adda Dudu, maraya ne, bai wuce shekara sha huɗu ba. An kama shi ne da abokansa suna tatsar buhun gyaɗa a bakin kogi. Ni da kaina na kai shi wurin Baba Njidda a Ngurore, abokin mahaifinmu, gab da tafiyata. Ranar da za mu tafi Adda ce ta haɗa masa kaya. Ta naɗe tabarma da bargo ta miƙo mini, ta koma madafa.

Malamar da ke koyar da mu awon shiri wata siririyar mace ce mai tabarau, kullum da sigari a hannu, kowa Dakta yake ce mata. Da aka zo kaina in yi bayanin aikina, na miƙe na zuba, na ƙare da cewa tun da na fara shirin ko yaro ɗaya bai koma gaban alƙalin Jimeta ba. Na tsaya ina jiran tafi. Ta kakkaɓe tokar sigarinta ta ce, "Ina suke yanzu?"

Na ce suna gona mana. Ta ce wa ya gan su da idonsa? Sai ta juya ga aji ta ce yaron da bai koma kotun Jimeta ba, ko ya shiryu, ko ya koma wani gari yana sata, ko yana kurkuku a wata ƙasa, ko ya mutu, kuma shirun kotu bai bambance ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ba ta tsaya nan ba. Ta ce wa ya zaɓi yaran da za a kai gona? In ni ne, wa ya sani ko masu sauƙin hali na tsince, waɗanda ko ba ni za su daina?

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata ba ta san mutanenmu ba. Ta ce shi ya sa take tambayar wanda ya san su. Na fito ina tafe cikin yayyafi ina zaginta da Fillanci, ita da sigarinta da tabaraunta. Sai da na sa ƙafa a matakalar gidan Goggo sannan Sali ya faɗo mini a rai. Wa ya gan shi da idonsa tun da na baro? Nan take fushin ya gudu, tsoro ya maye gurbinsa, kuma bai sake ni ba har na bar ƙasar.

Na rubuta wa Adda, na tambaye ta kai tsaye. Amsa ta zo da rubutun ɗan maƙwabta. Kowa yana gaishe ni, kogi ya janye, akuya ta haifi biyu, katangar madafa ta faɗi an tayar, gwiwar Dada mahaifiyarmu ta yi sauƙi. Sali kuwa ko alamarsa babu. To, na san Bafillatanar Yola ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ta yaba shi. Tun da aka haifi yaron ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Amma na kuma san mu ba ma gaya wa matafiyi mugun labari. To wanne ne a cikin biyun? Na karanta takardar har ta fara yagewa a naɗi, ban gane ba. Na rubuta wa Baba Njidda, shi kuma ya aiko cewa mutanen gida duk lafiya, gyaɗa ta yi kyau bana.

A motar bas na haɗu da Rahila. Ta ga hulata ta ce, "Sannu Malam, daga ina?" Na kusa yin kuka don jin Hausa. 'Yar wajen Numan ce, danginta suna Jimeta, tana karatun jinya a asibitin garin. Ran Lahadi in ta taso daga coci sai ta tuƙa tuwon garin shinkafa, ni in kawo kuka da daddawar da na zo da su, mu ci mu yi ta zancen kifin Binuwai kamar mahaukata. Na ba ta labarin Sali don ta kwantar mini da hankali. Maimakon haka sai ta ajiye cokali ta ce mahaifinta ya rasu a shekararta ta farko a Ingila, ba ta sani ba sai da ta je hutu.

"Har gaisuwarsa ake sa mini a ƙarshen takarda," in ji ta. Ta ce ba don ta tsorata ni ta faɗa ba, amma in daina wahalar da mai kai wasiƙa, ƙafata ce kawai za ta gaya mini gaskiya.

Hunturun nan na sha wuya. Kafin la'asar ta yi gari ya yi duhu, rana kuwa sai dai labarinta. In na yi alwala yatsuna su ƙage. Na rame har Goggo ta fara ƙara mini dankali ba tare da ta tambaya ba. Karatun ma ya tsaya mini a wuya. Abin da ake so kowa ya tsara yadda zai auna shirinsa, kuma awon ba ya yiwuwa sai an sami yaran da suka shiga shiri da irinsu da ba su shiga ba, a gwada a gani. A littattafai ƙuri'a ake jefawa a raba su. Ni kuwa ina zan je in ce wa alƙali mu jefa ƙuri'a a kan 'ya'yan mutane?

A madafar Goggo abin ya warware. Tana feraye dankali ta tambaye ni me ya sa ban kai duk yaran gona ba, tun da abin yana da kyau haka. Na ce haba Goggo, wanda aka kama da rani me zai je yi a gona? Babu manomin da zai karɓi baki a lokacin da ba aiki, waɗannan gargaɗi ake yi musu a mayar wa iyayensu. Ta ci gaba da feraye dankalinta. Ni kuwa na tsaya da kofin shayi a hannu. Ashe ba ni na zaɓi yaran ba, lokaci ne ya zaɓa. Ga 'yan damina da suka je gona, ga 'yan rani da ba su je ba.

Da na kai wa Dakta, ta cire tabarau ta dube ni, karo na farko kamar mutum. Ta tambaya ko irin satar rani da ta damina ɗaya ce. Na ce ba sosai ba, don jiragen kaya da damina suke zuwa. Ta ce to in rubuta wannan a fili a matsayin raunin awona, kada in ɓoye. Na kafa wa kaina ƙa'ida: ba zan karɓi maganar iyaye ba, ba ta mai unguwa ba, ba shirun kotu ba, kowane yaro sai na gan shi da idona. Wanda kuma ya bar gona kafin wa'adinsa, ko me ya zama daga baya, zan sa shi cikin waɗanda shirin ya kasa riƙewa. Ta yarda in koma gida in yi zangon ƙarshe a can, in aiko da rahoto. Har na kai bakin ƙofa ta ce, "Akwai naka a cikinsu, ko?" Na ce akwai. Ta ce in fara da shi, in ba haka ba hannuna ba zai tsaya a kan sauran ba.

Na mayar wa Goggo kwat ɗinta ta ƙi karɓa. Haka na sauka Kano da ita a hannu, ana zafin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Daga Kano na wuce Maiduguri na nuna fuskata a ma'aikata, sannan na shiga babbar mota zuwa Yola. Ruwan farko ya sauka, hanya ta zama kunu. A Song direba ya ce mota ta lalace, kowa ya sauka da kayansa. Muna sauka ya ɗebi wasu fasinjoji ya juya inda ya fito, mota lafiyarta lau. Na bi shi da Allah ya isa har ya ɓace. Wani mai shayi ya ba ni benci na kwana, da safe kuma ya tsayar mini da motar wani ɗan garinsu.

Lokacin ba a yi gada ba, sai an jira jirgin fito a hayin kogi, wajen Damare. Ina tsaye a kan yashi ina jin warin kwalta daga wurin masu gyaran kwale-kwale a ƙarƙashin wata bishiya, amma ban ko waiwaya ba. Idona yana kan rufin kwanon Jimeta a ɗaya hayin.

A Yola Adda ta yanka mini kaza. Ta rame, wuyanta ya fito. Ta tambaye ni sanyi, ta tambaye ni abincin Turawa, ta tambaya ko gaskiya ne ba sa gaisawa. Na bari sai da muka rage mu biyu, na ce yaushe rabonta da jin labarin Ngurore. Ta ci gaba da tankaɗe, ta ce, "Kai ka kai, kai za ka sani." A nan na gane ba ɓoye mini take yi ba. Ita ma ba ta san komai ba, kuma ta kusa shekara tana jiran wanda zai tambaya a madadinta.

Washegari na ari babur na nufi Ngurore. Baba Njidda ya shimfiɗa mini buzu, aka dama fura, muka gaisa muka sake gaisawa. Ya tambayi Dada, ya tambayi hanya, ya tambayi Sarauniyar Ingila. Idona yana ta yawo a tsakar gida. Can dai ya sunkuyar da kai ya ce yaron ya yi aiki, ba shi da abin da zai ce. Hannunsa ya yi kanta bai taɓa ƙorafi ba. Amma bayan an cire gyaɗa an kai dawa rumbu, wata safiya aka tashi babu shi. Ya tafi da bargonsa ya bar tabarma, kuma ko allura bai ɗauka a gidan ba. Na ce Baba, me ya hana ka gaya mini?

"Kana ƙasar wasu, me za ka yi da labarin in ba ciwon zuciya ba? Uwarsa kuwa ba ta tambaya ba."

Wallahi na so in yi ihu. Amma sa'an mahaifina ne, kuma ni ma da a wurinsa nake abin da zan yi ke nan. Na ɗaure tabarmar a bayan babur na koma. Da na ajiye ta a gaban Adda, ta dube ta, ta ɗauka ta shige ɗaki, ba ta tambaye ni komai ba.

Na shiga aikin da ya kawo ni, don shi ne kaɗai hanyar neman da na sani. Na bi 'yan damina gona gona. Da yawa na same su inda na bar su, ɗaya har ya iya huɗa da shanu yana yi mini dariya don ban san yadda ake riƙe garma ba. Wani kuma a kurkuku na same shi, ya fasa kanti a wani gari. Ranar na tuna Dakta, ban zage ta ba. Sannan na koma kan 'yan rani a tasha da bakin kogi. Su kam sun san ni, in na doso sai su watse. Na daina zuwa da jaka, na riƙa zama a gindin mai gasa masara ina saya ana ci, ba na tambayar kowa komai. A haka wata rana wani mai suna Iliya ya zauna kusa da ni, yana kallon wani wuri dabam, ya ce in na ga Sali gidan horo zan kai shi? Na rantse masa ba zan kai shi ba, alhali ba ni da ikon yin wannan rantsuwa.

"Yana hayi, wurin masu gyaran kwale-kwale," in ji shi. "Ya gan ka ranar da ka haye."

Ban jira jirgin fito ba, ƙaramin kwale-kwale na shiga. A ƙarƙashin bishiyar nan da na ƙi waiwaya na same shi, a tsugune jikin wani jirgi da aka kifar, yana cusa tsumma a tsaga yana bi da kwalta. Ya yi tsawo, kafaɗarsa ta buɗe. Da ya gan ni bai gudu ba. Ya ajiye abin hannunsa ya durƙusa, da wata murya da ban san shi da ita ba ya ce, "Kawu, ban ɗauki komai ba."

Na zauna daɓas a kan yashi. Ban taɓa jin sanyi a zuciyata irin na ranar ba, kuma ban ji kunyar hawayen da suka zubo ba. Da na dawo hayyacina na tambaye shi me ya fitar da shi daga gidan Baba Njidda. Ya ce ba a yi masa komai ba. Da aiki ya ƙare ne aka zauna, tun safe har yamma ba abin yi, sai ya ji idonsa ya fara bin kajin mutane. Ya ji tsoron kada ya kunyata ni a gidan abokin kakansa, shi kuwa kogi ya sani, sai ya biyo shi. Maigidansa, wani dattijon Bajukune da ake kira Baba Adi, ya ce da Hausarsa ta bakin kogi yaron hannunsa yana da kyau, abu ɗaya ne ya kasa ganewa, ko aikensa ya yi zuwa Jimeta ba ya yarda ya haye. Sali ya ce ai ya karya sharaɗi, ya san 'yan sanda suna jiransa a can. Kullum yana duba masu sauka daga jirgin fito ko zai ga ɗan unguwarsu, in ya gani kuma sai ya ɓuya. Sannan ya tambaya, a hankali, ko mahaifiyarsa tana lafiya.

Daga baya na kai Baba Adi gaban alƙali, aka mayar da riƙon hannunsa, rantsuwata ta tsira. Rahoton ma na gama shi na aika, na ci kos ɗin. Abin da na samu shi ne 'yan damina sun fi 'yan rani zama lafiya, amma ba kamar yadda na cika baki a aji ba, kuma ramin shirin yana rani, lokacin da gona ba ta da abin da za ta ba yaro. Sali kuwa na sa shi inda ƙa'idata ta ce, cikin waɗanda shirin ya kasa riƙewa. Ban taɓa rubuta faɗuwata da farin ciki irin wannan ba.

Amma a ranar ban jira alƙali ba. Na kama hannunsa muka haye, yana ta waige-waige a bakin kogin Jimeta, babu ɗan sandan da ya ko dube mu. Muka isa Yola da la'asar. Adda tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Sali ya tsuguna daga bakin zaure ya gaishe ta. Ba ta ɗago ba, ta amsa kamar yadda ake amsa wa mai wucewa. Ta tambaye ni ko baƙon da na zo da shi ya ci abinci. Na ce bai ci ba.

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe. Da ta fito idanunta sun yi ja, ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba. Tabarmar nan ce a hannunta. Ta shimfiɗa ta da kanta a inuwa, kusa da inda take zama, ta bi gefunan da tafin hannu tana daidaitawa. Sannan ta dube ni, ni, ba shi ba.

"Ka ce masa ya zauna."